Sunan da Surayya Ta Ɓoye

Surayya ta manna kunnenta da tagar ɗaki, zani na neman kwance mata, tana ƙoƙarin jiyo abin da maza ke faɗa a ƙofar gida. Ba ta jin komai sai kukan rago da tarin liman.

"Mai jego, zo ki zauna kafin ki faɗi," in ji Joyce, maƙwabciyarta, wadda ke riƙe da jaririyar. "Ba za su canja sunan ba."

"Ba ki san mutanen gidan ga ba, Maman Favour. Ko akuya sunka samu, Rabi za su sa mata."

Duk unguwar Rikoto babu wanda bai san Surayya da ciwon suna ba. Mace na fara tofar da yawu, kafin mijinta ya ji labari Surayya ta riga ta tura mata sunaye a waya. Ita da Joyce sun raba unguwar tsakaninsu. Joyce ta cika coci da su Destiny da Miracle, ita kuwa Surayya ta cika Islamiyya da su Ilham da Manal da Afnan. Akwai wani suna da aka raɗa wa liman, sai da ya nemi a maimaita, sannan ya ce Allah dai ya sa ba sunan maganin tari ba ne. Ko Mubarak a wurinta ya zama tsohon yayi. Ta taɓa daina gaisawa da wata ƙawarta saboda ta sa wa ɗanta Garba a wannan zamani na wayar hannu.

Amma akwai suna ɗaya da ba ta taɓa ba kowa ba: Najwa. Tun tana sakandare ta tsince shi ta ɓoye. Ta yi aure, haihuwa ta ƙi zuwa, shekaru suka yi ta wucewa tana ƙawata 'ya'yan mutane, tana dawowa gida ta yi kukanta a bayi. Wani lokaci tana wanke-wanke sai ta kira sunan a hankali, don kawai ta ji yadda zai yi a tsakar gida.

Da Allah ya kawo ɗiyar, sai dangin mijinta Usaini suka ce ai magana a ƙare take, sunan mahaifiyarsa za a sa, Inna Rabi. Surayya ta san inda wannan hanya take ɓullewa. Ba mai iya kiran Rabi gatsal a gaban tsohuwar, don haka yarinya za ta koma Ummi. Gidan kuwa ya riga ya tara Ummi Babba da Ummi Ƙarama da wata Ummi Mai Kuka. Sai ta ɗaura yaƙi. Ta ƙi kunun kanwa, ta ƙi nama, ta yi ta zubar da hawaye har Usaini ya sallama. Sannan ta zaunar da shi yana maimaita sunan kamar mai hadda, kada ya je gaban liman ya ɓata mata shi.

Can sai hayaniyar waje ta lafa. Aka shafa fatiha. Muryar maroƙi ta tsallako katanga: "Sunan jaririya Najwa! Allah shi raya Najwa!"

Guɗa ta tashi. Joyce ta hau rawa da jaririya a hannu, Surayya ta zube bakin gado tana dariya da kuka a haɗe. Ta ci gari.

Nan da nan ɗaki ya cika da mata da ƙamshin turare. Mahaifiyar Surayya, wadda ta zo daga Mahuta don zaman jego, ta raɓe a lungu kamar baƙuwa. Sai ga Inna Rabi ta dogaro sanda ta shigo. Surayya ta shirya wa faɗa, amma tsohuwar ta zauna abinta, ta karɓi jikarta tana leƙa fuskar.

"Mi anka sa ma ɗiyar?" ta tambaya, tana duban surukarta. "Kunnena bai kama ba."

Kowa ya san uwa ba ta kama sunan 'yar fari, balle a gaban uwar miji. Surayya ta sha yi wa wannan al'ada dariya, tana cewa ta ƙauye ce, suna ai don a kira shi aka yi shi. Ta gyara zama, ta buɗe baki.

Idonta ya faɗa kan mahaifiyarta, wadda ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ita ma Surayya 'yar fari ce. Tun da ta yi wayo matar nan ba ta taɓa kiranta da suna ba, sai dai "ke", in tana ba wani labarinta kuma "waccan". Tana yarinya abin yana yi mata ciwo ƙwarai, har takan ɗauka ba a sonta.

Sunan ya zo har kan harshenta ya tsaya. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, irin wadda ba ta san tana da ita ba. Ta sake gwadawa. Iska kawai ta fito.

"Najwa, Mama," in ji Joyce da ta ga abin ya yi tsawo.

Mata suka cafe. Wannan ta ce Najwa, waccan ta ce Najwa, sunan ya zaga ɗaki kamar farantin goro, har wata mata da ta zo aron tsintsiya sai da ta ɗanɗana.

"Suna mai daɗi," in ji Inna Rabi. Ta juya wajen mahaifiyar Surayya. "Kin yi tarbiyya, wallahi. Ni na ɗauka ɗiyan zamani sun zubar da kunya."

Jaririyar ta tsala kuka, aka miƙa wa Surayya ita. Ta rungume ta a ƙirji, ta sunkuya har leɓenta ya taɓa ɗan kunnen, inda babu mai jin abin da za ta faɗa. Ta daɗe a haka.

"Ke," ta ce a hankali, "ya isa haka."