Mangwarona a Filin Direba

"Ku sauke ni nan, ina so in ga gindinta," in ji Baba Mai Iyaka.

Mazan da suka ɗauko shi a kujera suka dire shi dab da mangwarona. 'Yarsa na biye da filo, tana ta mita wai likita ya hana shi ko zaman tsakar gida. Ko kallonta bai yi ba. Tsohon ya rame har agogonsa na yawo a hannu, amma idon nan nasa yana nan tar.

Maƙwabcina ne, kuma tun ina amarya shi ke raba rigimar iyaka a unguwarmu. Ba alƙali ba ne, ba shi da ofis balle hatimi. Kakansa ya yi, ubansa ya yi, shi ma in ya ce nan ne, to nan ɗin ne.

Rigimar ranar tawa ce. Marigayi mijina ne ya dasa mangwaron a kangon da ke jikin gidanmu, da izinin mai wurin, shekarar da na yi haihuwar fari. Yanzu magadan mai wurin sun sayar da kangon ga Direba, wani mai jan babbar mota, ya zo da magini zai ja katanga. Igiyar maginin kuwa ta bi ta tsakiyar bishiyar. Na ce wallahi sai dai a sare mu tare.

"Baba, ni ban zo da faɗa ba," in ji Direba, ya durƙusa. "Takardata ta ce fili da duk abin da ke cikinsa nawa ne."

"Gaskiya ta faɗa. In ka je kotu kai za a ba."

Na zabura. "Haba Baba! Kai da bakinka ka sha cewa bishiya ta wanda ya dasa ce!"

"Ita ma gaskiya ce. Ke dai, 'yar nan, bakinki ya fi ƙafarki sauri. Bari in numfasa."

Ya daɗe yana tari. 'Yarsa ta ba shi ruwa, ya kurɓa, ya ture kofin.

"Zamanin kakana, wanda ya sare bishiyar wani, sai a sare masa biyu. Ubana ya ga unguwa za ta ƙare babu inuwa, ya tara dattawa suka soke, suka ce mai sarewa ya dasa wata ya rene ta. To su ba su san bulo da siminti ba. Wannan ni ya tarar, ni zan yanka." Ya nuna da haɓa. "Katanga ta kauce, gindi ya faɗa gidanta. Reshen da ya tsallaka wajenka, Direba, naka ne da 'ya'yansa, ba ta da bakin magana. Ke kuma filin da ya rasa nan, ki biya shi ta bayan gidanki. Ki ɗage akurkin kajinki."

"Akurkina? Baba, da hannuna na gina shi!"

"Da hannun za ki rushe."

Mutane suka kwashe da dariya. Ni kam ban yi ba, raina ya ɓaci sosai. Direba ya sosa ƙeya, ya dubi maginin, ya dubi tsohon, ya ce, "Na ji, Baba." Bai ce ya yarda ba, kuma ni ba yarinya ba ce, na san bambancin.

Washegari na rushe akurkin, kaji na ta kuka ina taya su da masifa. Direba kuwa ya ɗau kaya ya yi tafiya, igiyar na nan yadda take.

Jikin Baba ya ƙara tsanani. Na shiga duba shi da hantsi, na same shi kwance kan katifa a ƙasa, ɗakin na warin man zafi, takalmansa a jere bakin ƙofa sun yi ƙura.

"Kin rushe?"

"Na rushe. Amma Baba, in ta Allah ta kasance, wa zai tilasta masa? Ko rubutu ba a yi ba."

Ya yi murmushi, ido a rufe. "Kin taɓa ganina da ɗan sanda? Duk iyakar da na raba, masu ita ne suka riƙe ta. Je ki ba kajinki ruwa, suna damuna."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Ya cika da rana tsaka, 'yarsa na yi masa fifita. Na yi kuka kamar ubana ne ya rasu, ban kuma ji kunyar kowa ba. Direba ya dawo ana zaman makoki, ya yi gaisuwa ya fita.

Bayan an tashi daga zaman, wata safiya na ji ƙarar diga a bayan ɗakina. Na fito da ludayi a hannu, na shirya wa kowa.

Direba na tsaye a kangon, hannu cikin aljihu.

"Ina kwana, Inna. Rassan nan na wajena fa sun fi naki 'ya'ya."

"Ma gani dai in sun nuna," na ce.

An tuge turakun an sake kafawa, igiyar ta yi gwiwa ta zagaye gindin. Maginin na tsugune yana gunaguni, wai tunda yake bai taɓa gina karkatacciyar katanga da gangan ba. Wani busasshen ganye ya faɗo cikin kwaɓin simintinsa. Ya sa yatsu biyu ya tsame shi, ya ɗora bulon farko.