Hoton da Babu Fuska

Mbithi, editan jaridar, ya ɗaga shafin farko sama, baki har kunne.

"Ndinda, yau kin gama da su! Ba fuska, ba suna, ba ƙauye. Su je su tambayi hannun ko na wane ne."

Ndinda ta ji daɗi, ba ta ɓoye ba. Tun damina take bin sawun 'yan yashi, masu kwashe yashin kogunan gundumar Makueni da manyan motoci zuwa Nairobi, su bar mata suna tonon ƙasa neman ruwa. Kowa ya san su, kowa ya kama bakinsa, sai Mama Kalekye mai sayar wa direbobi shayi a bakin kogi. Ita ta faɗi mai ba da umarni, da inda aka binne manomin da ya tare musu hanya. Abu ɗaya ta roƙa, kada a san ita ce.

Ndinda ta yi duk abin da aikin ya koya mata. Ta sauya suna, ta goge muryar daga wayarta, ta mai da mai shayi manomiya. Hoto kuwa hannaye kaɗai ta ɗauka, suna saƙar kiondo, jakar igiyar nan da ba ta barin hannun matan ƙabilar Kamba ko tafiya suke yi.

*

Da hantsi goggonta Syombua ta kira daga ƙauye, ko gaisuwa babu.

"Ke 'yar birni, wa ya aike ki? Jan layi biyu, baƙi a karkace, ai saƙar gidan Kalekye ke nan."

"Goggo, jaka ce fa kawai."

"A Nairobi jaka ce. A nan ko akuyata ta gani ta san mai ita."

A ƙauyen aka haifi Ndinda, amma makarantar kwana ta ɗauke ta kafin ta koyi murza igiya, har takan yi alfahari da hakan. Ta kira Mama Kalekye, waya a kashe. Ta sungumi jakarta ta nufi tasha.

*

A asibitin gunduma ta sami Mama Kalekye, lafiyarta ƙalau, zaune a bakin gado da kwanon kunu. Mai kwanciyar 'yarta ce Mutheu, hannuwanta biyu a naɗe har gwiwa.

"Da jaridar 'yan yashin suka shiga kasuwa, suna gwadawa rumfa rumfa," in ji tsohuwar, ba ta ɗago ba. "Suka tarar da ita tana irin saƙata, ni na koya mata. Suka ce ke ce ko uwarki? Ta ce ita ce. Da shebur suka farfasa mata hannuwa."

Kunya ta hana Ndinda zama. Ta durƙusa.

"Mama, wallahi ban sani ba. Na ɓoye komai."

"Kin ɓoye abin da kika sani, 'yata."

Ta hura kunun, ta kai cokali bakin Mutheu, ta share mata haɓa da gefen zane. Sannan ta dubi kyamarar da ke rataye a wuyan Ndinda, ta nuna hannuwan Mutheu da leɓe.

"Ɗauki waɗannan. Yanzu ba mai gane su."