Kejin Hawainiyar Suhaibu

Malam Kalilu ya ɗora tef ɗin awo a kan katakon, ya ja layi da fensir, sannan ya goge shi da babban yatsa. Karo na uku ke nan. Shekara talatin da 'yan kai yana aikin kafinta a Daura, ya yi gado, ya yi ƙofa, ya yi kejin kaji ba adadi, amma bai taɓa yi wa hawainiya wurin zama ba.

Hawainiyar tana kan darbejiyar tsakar gidansa. Saiwar bishiyar ta tsaga katangar da ta raba su da maƙwabci, ruwan makon jiya ya ƙara buɗe tsagar, har mai unguwa ya zo ya duba ya ce a sare ta kafin katangar ta faɗa wa mutane. Masu sara za su zo gobe da hantsi.

Ba bishiyar ce ta dame shi ba, Suhaibu ne, ɗansa na fari. 'Yan bindiga sun tare motarsu a hanyar dawowa daga wata kasuwar awaki, suka shiga daji da su, sai bayan kwana hamsin da ɗaya aka sako shi. Wata biyu ke nan da dawowarsa, ko uffan bai ce ba. Likita ya duba ya ce maƙogwaronsa lafiya lau, a dai yi haƙuri. An yi addu'a, an ba shi rubutu ya sha. In an miƙa masa abinci ya ci, in an ce lokacin salla ya yi ya tashi. Sauran yinin yana kan tabarma a gindin darbejiya, ido a sama, yana bin hawainiyar daga reshe zuwa reshe. Ranar da ta ɓuya a cikin ganye, bai sa komai a bakinsa ba sai da ta sake bayyana.

Kande, matar Malam Kalilu, ta leƙo zauren da yake aiki, ta ajiye masa kofin koko.

"Malam, da gaske dai a cikin gida za ka ajiye abin nan?"

"A ina kike so in ajiye ta?"

"Mutane fa suna magana. Ana cewa ko yawunta ya taɓa mutum, jikinsa sai ya sauya. Ni tun ina yarinya ko hanya ta tsallaka mini komawa nake yi."

"Wata biyu yana zaune a ƙarƙashinta. Me ta yi masa?"

Kande ta gyara ɗankwalinta. "To me ta tsinana masa? Yaron nan bai ce mini Inna ba har yau."

"Gobe in aka sare bishiyar ta ɓace, ke za ki sa masa tuwo a baki?"

Ta koma ciki.

Ya zauna ya sake tunani. Kaza ƙasa take so, shi ya sa ake yi mata keji mai faɗi. Wannan kuwa bai taɓa ganin ta a ƙasa ba, kullum hawa take yi. Don haka ya yanka sanduna huɗu masu tsawo, har ƙirjinsa. Ya fasa rufe gefe da falanki, don zafi zai dafa ta. Ya hau keke ya je kasuwa ya sayo ragar waya mai ƙananan idanu, wadda fara, abincin hawainiyar, ba za ta iya fita ba. Da farko ya yi niyyar rufin kwano, sai ya tuna yadda kwano ke ƙuna da azahar, ya yanko tsohuwar zana ya rufe rabin saman, rabin ya bar wa rana. Bakin ragar ya yanke shi a tafin hannu. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba.

Bayan azahar Malam Hussaini ya yi sallama. Unguwarsu ɗaya, kuma ɗansa Anwar yana cikin motar da aka tare tare da Suhaibu. Shi ba a sako shi ba, lambar da masu garkuwar ke kira da ita kuma ta daina shiga.

"Sannu da aiki, Malam Kalilu. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Ya ɗan yi magana?"

"Tukuna dai."

Malam Hussaini ya gyaɗa kai. Ya tsuguna ya riƙe masa ragar, shi kuma yana buga ƙusa. Bai ko tambayi abin da za a sa a ciki ba.

"Wani direba ya ce mini an ga wasu samari ana ƙetara iyaka da su, har da wani dogo mai wushirya," ya ce. "Na ce ai Anwar ke nan. Uwarsa Yelwa kuwa har yau in ta kwashe tuwo sai ta zuba nasa ta rufe. Na hana, na gaji."

"Allah ya bayyana shi."

"Amin. In naka ya buɗe baki, ko da kalma ɗaya ce, ka taimaka ka aiko."

Da la'asar aiki ya kammala. Malam Kalilu ya sa wa ƙofar ƙaramar sakata, ya jera rassa a ciki, wasu a tsaye wasu a gicciye, ya dasa ɗan zogale a tsohon bokiti ya ajiye a ƙasan kejin. Ya jawo shi zuwa tsakar gida, ya kafa shi inda inuwar ɗaki ke sauka.

Ya miƙa doguwar gora cikin darbejiyar. Hawainiyar ta kumbura, ta buɗe baki tana huci, korenta ya koma baƙi-baƙi. Kande ta shige madafa ta tsaya a bakin ƙofa. Ya daɗe yana lallaɓa ta kafin ta kama gorar da ƙafa ɗaya, sannan ta biyu. Ya sauko da ita a hankali, ya sa ta, ya tura sakata.

Ƙarar sakatar ta sa Suhaibu ya zabura. Ya miƙe, ya matso, ya kafa ido a kan ragar. Malam Kalilu ya ɗebo ruwa a gwangwanin madara, ya buɗe ƙofar zai ajiye.

"Ba ta sha a gwangwani."

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ba tasa ba. Malam Kalilu ya tsaya da gwangwanin a hannu, ya kasa juyawa.

"Sai an yayyafa a ganye. Raɓa take lasa."

Kande ta fito da gudu, ta toshe baki da hannu biyu, hawaye na zuba. Malam Kalilu ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Ya tsoma yatsu a ruwan ya yarfa a kan zogalen.

"Haka?" ya ce.

"Haka." Suhaibu bai ɗauke ido daga ganyen ba. "Mu ma haka muka riƙa yi, Baba. Kwana huɗu suka hana mu ruwa. Da asuba sai mu lashi ciyawa. Ni ina bakin inda ciyawar take. Anwar an ɗaure shi a can ciki, igiyarsa ba ta kai ba. Na riƙa jiƙa rigata ina jefa masa."

Malam Kalilu ya ajiye gwangwanin a ƙasa.

"Ran na biyar na jefa, bai ɗauka ba. Ni suka sa na tona ramin."

Ya koma tabarmarsa ya zauna, ya sa kai a tsakanin gwiwoyi. Kande ta durƙusa kusa da shi tana salati ƙasa-ƙasa. A cikin keji hawainiyar ta maƙale a can saman raga, baƙa ƙirin, ba ta ko kalli ruwan ba.

Malam Kalilu ya shiga ɗaki, ya cire rigar aiki, ya sa babbar riga da hula.

"Malam, ka bari sai gobe mana," Kande ta ce. "Su Malam Hussaini su kwana da sauran sa ransu."

"In na kwana da labarin nan, ba zan iya faɗa ba."

Gidan Malam Hussaini bai kai tafiyar minti biyar ba. Hayaƙin girki na tashi ta saman katanga, ana jin muciya tana bugun tukunya. Ya tsaya a ƙofar har wani mai babur ya wuce, wani ya sake wucewa, sannan ya yi sallama.

Malam Hussaini ya fito yana gyara hula, da murmushinsa. Ya dubi babbar rigar, ya dubi fuskar mai ita.

"Mu shiga zaure," Malam Kalilu ya ce. "Ka ce wa Yelwa ta sauke tukunyar tukuna."