Zuben Inna

"Ki daina motsi mana, za ki sa in tsone miki ido!" in ji Zulaihat. Ta riƙe haɓar Rahinatu tana ja mata layi da kwalli a kunci.

Ɗakin kwanan 'yan matan ya kaure da shewa. Tun da soja suka koma bariki aka ɗage takunkumin ƙungiyoyi a kwalejin, kuma babu wadda ake rububin shiga kamar 'Yan Cikin Ganuwa, ƙungiyar 'ya'yan manyan gidajen Katsina. Yau ne bikin karɓar sababbi, wanda suka raɗa wa suna Kasuwar Ƙauye. Kowace sabuwa za ta shafa gawayi, ta zana zube irin na mutanen karkara, samari su yi cinikinta da murafen lemo. Wadda ta ba da dariya ta shiga.

Rahinatu ta dubi madubi. "Wannan ai tonon kaza ne, ba zube ba. Kawo nan."

Hannunta ya tafi da kansa. Dogayen layuka daga gefen ido zuwa muƙamuƙi, bille a gefen hanci, ƙananan tsage a gefen baki.

"Kai, ƙawata! A ina kika koya?"

"A kasuwa nake gani."

Ƙarya ta yi. A cinyar Inna ta koya, tana bin tsagen da ɗan yatsa har barci ya ɗauke ta. Inna Delu, mahaifiyarta, 'yar wani ƙauye ce bayan Batagarawa. Ta rasu Rahinatu tana ƙarama, mahaifinta ya ɗauko ta zuwa gidansu na Ƙofar Durbi, inda ba a ambaton sunan marigayiyar. Ko hoto ba ta bari ba. Rahinatu ta sha rufe ido tana laluben fuskar, sai dai ta ga ɗankwali da duhu a ƙarƙashinsa.

Bayan la'asar zauren taro ya cika. Mudassir, shugaban ƙungiya, ya rataya wa Rahinatu kwali a wuya da igiya, an rubuta BAIWA, ARHA. Ya kama hannunta ya ɗaga sama.

"A taya, jama'a! Sabon kamu daga daji! Tana daka, tana surfe, ba ta tsiwa. Ke, buɗe baki su ga haƙora!"

Murafen lemo suka yi ta zuba a gabanta. Wani ya ce a juya ta ya ga baya, aka juya ta.

"Gai da iyayen gidanki," in ji Mudassir.

Rahinatu ta durƙusa. Ta ja bakin zane ta rufe rabin fuska, ta yi ɗan gyaran murya, ta ce, "Sannunku da hutawa, mutan birni. Mun same ku lahiya?"

Zauren ya fashe. Har da masu buga benci, Zulaihat tana share hawaye. Ita kuwa ta ji muryar da ta fito ba tata ba ce. Haka Inna take durƙusawa a soron gidan Ƙofar Durbi in ta kawo ta gaisuwa, haka take gyaran murya kafin ta yi magana.

"Ta ci! Wallahi ta ci!" in ji Mudassir. "Ado, zo ka ɗauke mu."

Ado mai hoton jira-ka-karɓa ya haska su. Takardar ta fito fara fat, ya miƙa mata. "Riƙe ta gefe, Hajiya, yanzu za ki fito."

Ta tsaya tana kallo. Duhu ya fara tasowa, sai ɗankwali. Sai ƙarƙashin ɗankwalin ya fara washewa: goshi, bille, dogayen layuka, da idanu masu kallon ƙasa.

"Inna," ta ce a hankali.

"Me kika ce?" Mudassir ya miƙo hannu. "Kawo, a allon ƙungiya za mu manna shi. Wannan sai an shekara ana dariya."

"Hotona ne."

"Na ƙungiya ne, 'yan mata. Kin shiga fa. Kar ki ɓata rawarki da tsalle."

Zulaihat ta mintsine ta. "Ba shi mana! Hoto ne kawai."

Rahinatu ta cusa hoton cikin rigarta, ta ratsa ta tsakiyar mutane. Murafen lemo suna ƙara a ƙarƙashin takalminta. Ta ji Mudassir yana cewa a lasifika, "Baiwa ta gudu, a kamo!" Dariya ta biyo ta har bakin ƙofa, amma ba wanda ya taso.

A gindin dalbejiyar bayan zaure ta zauna. Ta naɗe gefen hoton ta yage hannun Mudassir. Ta naɗe ƙasa ta yage kwalin da rubutunsa. Ya rage fuska kawai, ba ta kai tafin hannu ba.

Igiyar ce ta gagara. Tana nan zagaye da wuyan Inna, in an yage ta sai an taɓa haɓa.

Aka kira magariba. Rahinatu ta je famfo ta tari ruwa, ta kai shi dab da fuska, sai ta tsaya. Ruwan ya tsiyaye ta tsakanin yatsunta.