Ganyen Saman Dawa

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, dusa ta yi tsada, sai Sajo na Kutama ya shiga tsige ganyen dawarsa yana ba shanu. 'Yarsa Asiya, mai bincike kan tsirrai, ta tarar da shi a gona.

"Baba, ganyen saman nan ne ke dafa wa zangarniya abinci da hasken rana. In ka cire, ƙwaya ba za ta cika ba."

Sajo ya dubi shanunsa duk sun rame. "To, na ƙasan fa?"

"Wannan ya yi ritaya."

Ya yi dariya, ya sunkuya ya koma tsigar na ƙasa kaɗai. Da kaka zangarniya ta cika har kara ya ranƙwafa, kuma bai sayar da saniya ko ɗaya ba.