Gwajin Kwamfuta a Asibiti

Mai ɗinki da mahaifiyarta ciwo ɗaya suke fama da shi, ciwon damuwa, kuma likitansu ɗaya. Ita mai ɗinkin ba ta ɓoye nata, ko gyaran wando ka kawo mata sai ka sha labarin maganinta. Inna kuwa cikin kwalbar maganin hawan jini take juye ƙwayoyinta, in an tambaye ta sai ta ce gajiya ce kawai.

Ranar da suka je asibiti, wata mai bincike ta roƙe su su yi gwaji a kwamfuta. Kalma za ta fito, a danna hagu ko dama ba tare da tsayawa tunani ba. Da farko "taɓin hankali" da "haɗari" suna gefe ɗaya, daga baya aka haɗa shi da "aminci". Mai ɗinki ta gama nata nan da nan. Inna ta gyara tabarau, ta yi nata da yatsa ɗaya tana mita.

"Hannunki ya fi saurin haɗa ciwon da haɗari," mai binciken ta ce wa mai ɗinki. "Ƙyama ce da ke kwanciya a zuciya, mai ita ma bai sani ba."

"Ƙyama? Ni da ciwon ke jikina? Wa nake ƙyama, kaina?"

"Ba lallai ba ne. Wani lokacin in aka sake gobe, sakamakon yakan canza."

"To na yau gaskiya ne ko ba gaskiya ba?"

Matar ta hau bayanin lissafi. Mai ɗinki ta ji kanta ya ƙara ɗaurewa, ta katse ta. "Na Inna fa?"

"Faɗa mata, 'yar nan, ba asiri ba ne," in ji Inna.

"Nata bai karkata ko'ina ba."

Inna ta gyara mayafi. "Ai dama na gaya muku lafiyata ƙalau."

A motar komawa gida mai ɗinki ta yi ta juya tafin hannunta tana kallo. Ta tuna wani mutum da ya zauna kusa da ita a layin likita yana magana shi kaɗai, ta janye jakarta. Don ya samu wurin zama ta janye, ko kuwa? Ta kasa tunawa.

Inna ta taɓo ta. "Wai ke, cin jarrabawar kika yi ko faɗuwa?"

"Wallahi ban sani ba, Inna."

Sai da direba ya ce an zo ƙarshen hanya suka lura sun wuce unguwarsu.