Lambar Oregon

"Sake faɗa min, ban ji ba," in ji Vernon Pruitt. Ya ranƙwafo kan kantar har bakin hularsa ya taɓa gilashi.

Matar da ke ofishin kuɗin jami'ar ba ta ɗaga murya ba. "Na ce 'yarka baƙuwa ce a jihar nan, Mista Pruitt. Kuɗin baƙi za ta biya."

"Baƙuwa? A jihar Washington? Baiwar Allah, a asibitin garinmu aka haife ta. Ni ma can aka haife ni. Ubana yana nan kwance a bayan coci, in kina so ki je ki tambaye shi."

Shelby ta ja hannun rigarsa. "Baba, mutane na kallo."

"Su kalla mana."

Tun farko ba nan yarinyar ta so ba. Gurbin karatun jinya ta samu a wata jami'a can jihar Montana, har ta manna hoton duwatsun a jikin firij. Da maganar kuɗi ta zo, sai ga shi ɗan jiha na biyan dala dubu tara a shekara, baƙo kuwa kusan dubu talatin. Vernon gyaran rufin gidaje yake yi, kuma shi kaɗai ke riƙe da ita tun rasuwar uwarta. Ya ce duwatsu ai muna da su a nan. Ta sha kukanta, ta cire hoton, ta yarda da jami'ar jiharsu. Ga shi wata mai kamawa za a fara karatu.

"Tunda kai ke ciyar da ita, kai take bi," in ji matar. "Lasisin tuƙinka na jihar Oregon ne. Motarka ma lambar Oregon gare ta."

"Motar ce za ta yi karatun?"

"Ka dawo da su nan, ka shekara, sai ta sake nema."

Mu nan gaɓar kogi kowa ya san dabarar. Washington ba ta karɓar harajin albashi, Oregon ba ta karɓar harajin sayayya, gada ɗaya ce tsakani. Sai mutum ya kwana a nan, ya yi cefane a can. Vernon ne dai ya wuce gona da iri. Da ya sayi a-kori-kurarsa, sai ya yi mata rajista da adireshin ƙanensa Dale a Oregon, ya kuma mayar da lasisinsa can don kada maganar ta yi gurguwa. Shekara da shekaru duk inda ake gasa nama sai ya ba da labarin, yana kiran masu biyan harajin 'yan marayun gwamnati.

Suka shiga mota. Vernon ya tayar, ya kashe, ya sake tayarwa.

"To ai shi ke nan," ya ce, fuskarsa ta washe. "Sun ce mu 'yan Oregon ne, ko? Da bakinsu suka faɗa. Mu je Oregon."

"Baba, don Allah."

"Ke dai zuba ido ki ga aikin manya."

Suka haye gada. A ofishin jami'ar can wani saurayi suka samu, da 'yan kunne da murmushi kamar mai sayar da inshora. Vernon ya ajiye lasisinsa a kan tebur da ƙarfi, kamar mai buga kati.

"Madalla," in ji saurayin. "Sai shaidar harajin albashin da ka biya wa Oregon bara."

"Ban biya ba."

"Ayya. Ba ka yi aiki ba ne?"

"Ni? Dubi hannuna, ɗan samari. Ai ba a nan nake zaune ba, me zai sa in..." Ya haɗiye sauran.

Saurayin ya juya ga Shelby. "A ina kika gama sakandare?"

"Washington," ta ce, tana kallon takalmanta.

"To, kuɗin baƙi ke nan. Amma muna da kyakkyawan tsarin rance."

"Riƙe abinka," in ji Vernon.

A hanyar komawa cunkoso ya tsare su a tsakiyar gada, daidai allon da ke raba jihohin biyu. Gaban motar na Washington, bayanta na Oregon. Na'urar sanyi ta daɗe da mutuwa, gumi na bin wuyansa.

"Kashe motar, Baba," in ji Shelby. "Mun iso gida. Leƙa ka tambayi kifaye ko suna da jami'a."

"Ban son rashin kunya."

"Nawa ka tsira da shi a kan lambar nan?"

"Wannan ba maganar yara ba ce."

"Nawa?"

Ya sosa ƙeya. "Wajen dubu biyu."

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta da daɗin ji. "Na haƙura da Montana saboda kai ka ce mu 'yan gida ne. Ban yi maka musu ba. Yanzu in shekara ina soya dankali a kantin bakin titi, ƙawayena su Kayla da Brooke suna aji?"

Sai ya danna wa motar gabansa hon, alhali ita ma ba ta da inda za ta.

Da suka sauka daga gada ta ce, "Karya dama."

"Gida ai hagu ne."

"Kwaleji za mu."

Kwalejin shekara biyu take nufi, wadda ke bayan unguwarsu. Vernon ya daɗe da raina ta. Shi ya yi mata rufi, kuma a ganinsa makarantar da ka hau kanta da guduma ba ta kai a tura 'ya ba.

"Can da tsofaffi ke koyon kwamfuta?"

"Suna da jinya. Karya dama, Baba, ko in sauka in taka."

Ya karya.

Wata dattijuwa mai tabarau rataye a wuya ta saurare su. Wannan karon Shelby ce ta yi bayani, tiryan-tiryan, ba ta rufa wa kowa asiri ba. Vernon ya tsaya a baya yana murza hularsa.

"Ba ku ne na farko ba, 'yata," in ji dattijuwar. "Mu nan, duk wanda ke gaɓar kogin, ko ta nan ko ta can, kusan kuɗin ɗaya ne. Dubu huɗu da 'yan kai. In kin yi shekara biyu, babanki kuma ya san inda yake zaune, sai ki wuce jami'a." Ta ɗauki lasisin, ta sa tabarau. "Sai dai dole in rubuta ɗaya, ɗan gari ko maƙwabci. Wannan kuwa maƙwabci ne." Ta dube shi ta saman gilashin. "Barka da zuwa jiharmu, Mista Pruitt. Ya gada?"

Ta tagar da ke bayanta yana hango rufin gidansa, har da wurin da ya yi faci bara.

"Da cunkoso," ya ce.

Shelby ta sa hannu a takardun. Ba ta yi murna ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta ninke jerin kayan da ake buƙata ta sa a aljihu, ta riga shi fita.

A wurin ajiye motoci ya tsaya a bayan a-kori-kurar yana kallon lambar. Ya ɗan taɓa ta da ƙafa.

"Ran Litinin zan je in canza ta. Da lasisin duka. Su ci harajinsu, Allah ya ba su lafiya."

"Ka rantse."

"Na faɗa, ai na faɗa." Ya buɗe ƙofa. "Me suka ce ki saya?"

"Littattafai, fararen takalma, da kwamfuta."

"Kwamfuta?" Ya duba agogo, ya dubi hanyar gada. "Shiga mu je kafin su rufe. A can ba haraji."